Harsashi Ba Albashi Ba Ne



Akwai wata magana da ake son mu haɗiye ba tare da tauna ba. Ana ce mamu abin da ya wuce ya wuce. Wai tun da shugaban Faransa ya rubuta takarda a 2024 ya amsa cewa sojansu sun yi kisan gilla a barikin Caroy, to zance ya ƙare, a naɗe tabarma kowa ya kama gabanshi. Mu ba mu yarda ba. Mutumin da ya ci bashi, ya shekara 80 yana musu, ran nan ya ce ya tuna, ai bai biya ba tukuna. Za mu ɗauko zancen daga tushe, don wanda bai sani ba ya sani, wanda ya sani kuma ya bar yin kamar bai sani ba.

SU WA AKE CE MA TIRAYER?

A 1857 gwamnan Senegal, Faidherbe, ya kafa rundunar baƙaƙen soji, anka sa mata suna tirayer na Senegal. Kada sunan ya ruɗe ku. Da Faransa ta ci ƙasashe gaba, sai ta riƙa ɗebo maza ko'ina tana zubawa cikin wagga runduna: Bambara, Mosi, Fulani, Zabarmawa, Hausawa, Barebari, mutanen Cadi da na Gabon. Duk wanda anka ɗora ma jar dara anka ɗaura mashi jar ɗamara, ya zama ɗan Senegal a takardar Nasara, ko da cibiyarshi a Tasawa take binne.

A 1910 wani hafsa mai suna Mangin ya rubuta littafi a kan abin da ya kira ƙarfin baƙar fata. Hujjarshi a fili take: haihuwa ta ragu a Faransa, Jamus kuwa sai yawa take yi, saboda haka Afirka ta zama rumbun da za a riƙa ɗebo maza in yaƙi ya tashi. Bayan shekara 4 yaƙi ya tashi, anka buɗe rumbu. Tsakanin 1914 da 1918 an ɗebi baƙaƙe kamar 200,000, kuma kamar 30,000 ba su komo ba. A watan Afrilu na 1917 anka tura su gaba a wani tudu da ake kira Chemin des Dames, cikin ruwa da ƙanƙara, yatsu sun ƙage har ba su iya jan kunamar bindiga. Bindigogi masu jigida na Jamus sunka girbe su dubbai cikin ƴan kwanaki.

To ƙaƙa ake ɗibarsu? Kumandan ya aika ma sarkin kanto adadi, kamar yadda yake aika adadin lanho. Mai sarauta ba shi ba da ɗanshi. Maraya ake kamawa, da ɗan bawa, da talakan da ba shi da mai tsaya mashi. Shi ya sa da an ji ƙishin-ƙishin ɗibar soja sai samari su tsere su ƙetare iyaka zuwa Katsina da Sakkwato da Kano. A ƙasar Bobo da Dedugu, cikin Burkina ta yau, mutane sunka ɗau makami a 1915 da 1916 don sun ƙi ba da ɗiyansu, anka tura masu igwa anka ƙone garuruwa. Da yaƙi ya ƙare, maimakon a rufe rumbu, sai anka kafa doka a 1919: ko ba yaƙi, kowace shekara a tara samari, likita ya duba, a jefa ƙuri'a, wanda ta faɗa ma ya yi shekara 3 ta soja.

Mun san abin da wasu za su ce. Za su ce ai da hannun tirayer anka ci ƙasarmu. Gaskiya ne, ba mu ɓoye ta. Tirayer ne a bayan Voulet da Chanoine sa'ad da sunka yaƙi Sarauniya a Lugu sunka ƙone Birnin Ƙonni a 1899. Tirayer ne anka tura Agadas a 1917 don a karya Kaosan. Amma a tambaya: wa ya kama su, wa ya ba su bindiga, wa ya nuna masu inda za su harba? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wanda ya sa talaka ya harbi ɗan'uwanshi, sa'an nan ya hana shi ladan da ya yi mashi alkawari, ya zalunci mutum biyu da hannu ɗaya.

ABIN DA SUNKA YI A YAƘIN HITILA

A watan Mayu na 1940 Jamus ta faɗa ma Faransa, cikin mako 6 ta gama da ita. Manya sunka gudu, gwamnati ta miƙa wuya. Tirayer na cikin waɗanda sunka tsaya har harsashinsu ya ƙare. Sojan Hitila kuwa ba su ɗauki baƙi a bakin mutum ba: in sun kama runduna sai su ware farare gefe, su harbe baƙaƙe. A garin Airaines, ran 7 ga Yuni, sunka harbe Kaftin N'Tchoréré, mutumin Gabon, don ya ƙi a raba shi da sauran hafsoshi. A Chasselay, kusa da Liyon, ran 19 da 20 ga Yuni, sunka kora tirayer cikin fili sunka buɗe masu wuta da bindigogin tankokin yaƙi. Maƙabartar da ke wurin tana riƙe da gawar tirayer 188. Masana sun ƙiyasta baƙaƙen fursunonin da Jamus ta kashe haka cikin waɗannan makonni tsakanin 1,500 da 3,000.

Waɗanda ba a kashe ba anka tsare su a sansanoni cikin Faransa kanta, don Jamus ba ta son baƙar fata a ƙasarta. Shekara 4 suna sarar itace suna noma ma maƙiyi, da yunwa da tarin fuka. Daga 1943 ma, a wasu sansanoni, hafsoshin Faransa ne Jamus ta sa su tsaron su, wato waɗanda jiya suke ba su umurni a fagen fama.

Shi kuma Janar Dagol, da ya tsere Landan ya ce bai yarda da faɗuwa ba, ina ya samu ƙasa da soja? A Afirka. Gwamnan Cadi, Félix Éboué, baƙin mutum, ya bi bayanshi a Agusta 1940. Rundunar da Leclerc ya ratsa hamada da ita ya ci Kufra a Libiya ran 1 ga Maris 1941, mafi yawanta baƙaƙe ne. Ran 15 ga Agusta 1944 anka fara sauke runduna a bakin tekun kudancin Faransa, kuma tirayer na cikin waɗanda sunka shiga Tulon gida-gida sunka ƙwato ta.

Ku ji tukuicinsu. Da nasara ta matso, cikin kakar 1944, anka janye baƙaƙen soji kamar 20,000 daga fagen fama, anka tuɓe masu kaki da takalma da bindiga anka ba samarin Faransa. An ce wai don sanyi. Rundunar Leclerc da ta shiga Pari ran 25 ga Agusta kuwa, tun kafin ta tashi an cire baƙaƙe daga cikinta, don Amurka ba ta son ganinsu cikin rundunar tankoki, Faransa kuma ta yarda. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta.

RANAR 1 GA DISAMBA 1944

Yanzu mun iso ga zancen. Waɗancan fursunoni da sunka shekara 4 a hannun Jamus, da anka sake su, Faransa na riƙe da kuɗinsu: albashin shekarun da sunka yi a tsare, da kuɗin sallama. Ba kyauta ba ce, ba sadaka ba ce, doka ce ta rubuta masu. Fursunan yaƙi farar fata da ya komo gida an biya shi nashi.

Anka tara su a tashar Morlaix a yammacin Faransa. Sama da 300 sunka ce ba su hawa jirgi sai an biya su, anka kai su wani sansani anka kewaye su da waya. Sauran anka ce masu su hau, ragowar kuɗi na jiransu a Dakar. Jirgin ruwan Ingila mai suna Circassia ya tashi da su ran 5 ga Nuwamba, ya sauke su Dakar ran 21. Anka kai su barikin Caroy, wanda Faransawa ke rubutawa Thiaroye, kilomita kamar 15 daga birni.

Kuɗi bai fito ba. Anka ce ma waɗanda za su Bamako su hau jirgin ƙasa, za a aika masu a gida. Sunka ƙi. Sun san hali: mutumin da ya isa ƙauyenshi a bayan Segu ko Mopti, wane kumanda zai saurare shi? Ran 28 ga Nuwamba Janar Dagnan ya zo barikin, sunka kewaye motarshi sunka ce sai ya ba su amsa. Ya yi alkawarin zai duba, sunka buɗe mashi hanya. Da ya koma Dakar bai nemi ma'aji ba. Ya nemi izinin shugabanshi, Janar de Boisboissel, na a nuna ƙarfi.

Ran 1 ga Disamba da asuba anka kewaye bariki da jandarma, da wasu rundunonin tirayer, da motoci masu sulke ɗauke da bindigogi masu jigida, da tankar yaƙi ƙirar Amurka. Anka tara mutane a fili. Da hantsi anka buɗe wuta.

Mutanen da sunka tsira daga igwar Jamus, da yunwar sansani, da teku, sunka mutu a ƙasar Afirka da harsashin tutar da sunka yi ma yaƙi, takardar sallama a aljihu.

RAMIN ƘARYA ƘURARRE NE

Hukuma ta ce bore ne. Mu duba. Mai bore yana neman kifar da hukuma ko ya ƙwace bariki. Waɗannan gida suke son zuwa da guzurinsu. An ce sun fara harbi. To ina gawar ko mutum ɗaya cikin waɗanda sunka zo da motoci masu sulke? Babu. An ce Jamus ta hure masu kunne. Jamus ɗin da ta harbe ƴan'uwansu a Chasselay, ta sa su bauta shekara 4? Kuma in ba a yi niyya ba, me ya kawo tankar yaƙi wurin lissafin albashi?

Sai adadi. Rahoton hukuma ya ce mutum 35. Wani rahoton na Dagnan kanshi, na ran 5 ga Disamba, ya ce 24 sun mutu nan take, 46 sun cika daga baya, wato 70. Bakin mutum ɗaya, lissafi biyu. Sama da mutum 1,600 sunka hau jirgi a Morlaix, amma takardun Dakar sun ce kamar 1,300 sunka sauka. Anka ce wai 400 sun maƙale a Kasabalanka. Wata masaniyar tarihi Bafaranshiya, Armelle Mabon, da ta shekara da shekaru tana tonon takardun soja, ta ce wanga zance na Kasabalanka an ƙaga shi ne don a ɓoye gawa, kuma mamatan sun kai 300 zuwa 400. Ta kuma fito da wata takardar hukuma ta ran 4 ga Disamba, kwana 3 bayan kisan, mai cewa an riga an biya su duka tun a Faransa. Wato an harbe mai bin bashi, sa'an nan anka rubuta takardar shaidar biya.

Waɗanda sunka harba ba wanda anka tuhuma. Waɗanda anka harba su anka kai kotun soja. A Maris 1945 anka yanke ma mutum 34 kaso, daga shekara 1 zuwa 10. Zuwa 1947 an sake su da sunan afuwa. Afuwa mai laifi ake yi ma; ba a wanke su ba. A 2015 ma kotun Faransa ta ƙi sake duba shari'ar ɗaya daga cikinsu. A maƙabartar soja ta Caroy akwai kushewa 202, ba suna ko a kan guda.

HANNU ƊAYA NE

Kada wani ya ce kuskuren janar ɗaya ne a rana ɗaya. Lissafin da ya yi aiki a Caroy shi ya ci gaba da aiki a ofis. Bayan 1944 ba a daina ɗibar soja ba. An kai tirayer Madagaska a 1947, an kai su Indoshin har 1954, an kai su Aljeriya. Ɗan ƙasarmu Umaru Ganda, haifaffen Yamai, yana yaro ya shiga soja ya je Indoshin, kuma fim ɗinshi Cabascabo na 1969 labarin sojan da ya komo ne, ƴan kuɗinshi sunka ƙare, masoya sunka watse.

Da Faransa ta ga ƴanci ya matso, ran 26 ga Disamba 1959 ta kafa doka ta daskarar da fanshon tsofaffin sojan ƙasashen da za su fita daga hannunta. Na Bafaranshe yana hawa da tsadar rayuwa, na baƙi ya tsaya inda yake. Mutum biyu, rami ɗaya, harsashi ɗaya ya cire masu ƙafa, amma bayan shekara 40 abin da ɗaya ke karɓa a wasu ƙasashe bai kai kashi 1 cikin 10 na ɗayan ba. Wani tsohon soja ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun Faransa ta ba shi gaskiya ran 30 ga Nuwamba 2001. Shi kuwa ya rasu tun 1996. Ba a daidaita fansho duka ba sai 1 ga Janairu 2011, sa'ad da mafi yawan masu shi na ƙasa. Tsohon tirayer na ƙarshe na yaƙin 1914, Abdoulaye Ndiaye, ya rasu a ƙauyenshi ran 10 ga Nuwamba 1998, ana gobe za a liƙa mashi lambar girma. Wannan ita ce dabarar: a yi ta jan rai har mai bin bashi ya mutu.

Amsa laifin ma da awo ake ba da ita, kamar hatsi a shekarar yunwa. Sembène Ousmane ya yi fim a kan Caroy a 1988, ya ci kyauta a Benis, ya shekara kamar 10 ba a nuna shi a gidajen siliman Faransa ba. A 2014 shugaba Hollande ya je Caroy ya ce danniya ce mai zubar da jini, ya ce mamata sun kai 70, ya miƙa kwafin wasu takardu. A Yuni 2024 anka rubuta mutum 6 cikin waɗanda sunka mutu don Faransa. Mutum 6! Ran 28 ga Nuwamba 2024 shugaba Macron ya rubuta kalmar kisan gilla. A 2025 Senegal ta fara tonon maƙabartar, kuma kwamitin masana da ta kafa ya miƙa rahoto a Oktoba, ya ce da niyya anka yi kisan, mamata 300 zuwa 400. Kowace kalma da Faransa ta furta, sai da anka matse ta.

ABIN DA MUKE NEMA

Ba mu gaba da talakan Faransa. Akwai matan ƙauye can da sunka ɓoye tirayer masu gudu daga sansani sunka ciyar da su, akwai masanansu da sunka tona wagga ƙarya. Da hukuma muke magana, kuma ga abin da muke nema.

Na ɗaya, a buɗe takardu duka, musamman jerin sunayen waɗanda sunka hau jirgi da na waɗanda sunka sauka. Sojan da ke ƙirga harsashi da maɓallin riga ba zai ce bai ƙirga mutane ba.

Na biyu, a soke hukuncin mutum 34 da bakin kotu, a wanke sunansu.

Na uku, a lissafa kuɗin da anka hana, a biya magada. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi mashi aski.

Na huɗu namu ne, ba sai mun jira kowa ba. Manyan da sunka hau kujeru bayan 1960 sun iya tara mazan jiya ranar biki, a sa masu jar dara a ɗauki hoto, amma sunayensu ba su rubuta ba. Sojan Faransa na ƙarshe ya bar Nijar a Disamba 2023, sai dai fitar baƙo ba ta rubuta tarihin mai gida. A gidaje da yawa a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Dogon Dutsi akwai tsohon akwati, cikinshi takardar soja ta kaka, da lamba mai tsatsa, da hoto. Gara ba ta jiran gwamnati. Kowane mushen lakkol, kowane malamin allo, kowane saurayi mai alƙalami ya zauna da tsofaffin unguwarshi ya rubuta: sunan wanda anka ɗauka, sunan ubanshi, garinshi, shekarar da ya tafi, inda anka kai shi, ya komo ko bai komo ba. A karanta ma yara da Hausa, da Zabarmanci, da Fulatanci, da Tamashek, da Barbarci. Yaron da ya haddace sunayen kogunan Faransa ya cancanci ya san inda kakanshi ya faɗi.

Kuma darasi ga duk wanda zai riƙe mulki da soja a ƙasarmu, yau ko gobe: ɗan talakan da ya ɗau bindiga don ƙasa, a biya shi haƙƙinshi yana da rai, in ya faɗi a faɗa ma uwarshi gaskiya, a rubuta sunanshi a kan kushewarshi. In mun zargi Nasara da ɓoye gawa, ba mu yarda baƙi ya gaji halin ba.

Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba. In ka gama, ka miƙa ma na kusa da kai.

Allah ya jiƙan mazan jiya, na Caroy da na sauran wurare. Allah ya ba gaskiya nasara. Wassalam.